Likitan Waya Da Kare Mai Kashin Jini

In an tashi lissafin dukiyar manomi, sai a ƙirga shanu da tumaki da awaki, har a gangaro kan kaji da zabi, amma a tsallake kare. Duk da haka manomin da gonarsa ke bakin daji, inda birai ke sauka kan masara tun tana ɗanya, ya san abin da kare ya ke tsare masa. Haka Bafillace a ruga, haka mafarauci, haka ɗan kasuwa mai sito a bayan gari. Malamai kuwa sun halatta ajiye shi domin farauta da kiwo da gadin shuka. Wanda ya ajiye dabba don ta yi masa aiki, cinta da shanta da jiyyarta suna wuyansa.

To, ga wata sabuwar al'ada ta shigo. Tun da wayar hannu ta bazu a Nijeriya daga 2001, har ta kai yanzu ana aika hoto da bidiyo da ita, sai ya zamana mutum ya kan tashi da safe ya ga karensa ya yi kashi da jini, maimakon ya ɗauke shi zuwa asibitin dabbobi, sai ya ɗauki hoton kashin ya aika wa wani likita ta intanet, ya biya ɗan kuɗi, ya zauna yana jiran amsa. Abin yana da amfani ƙwarai, ba a musu. Amma amfaninsa ɗaya ne tak, watau a gaya wa mai kare ko ya tashi yanzu yanzu, ko kuwa yana iya jira ya ga abin da gobe za ta yi. Wanda ya ɗauki wayar ta zama asibiti, wata rana zai haƙa rami a bayan gida.

Wannan sana'a ta duba dabba daga nesa a Amurka da Ingila ta yi ƙarfi, musamman cikin 2020, sa'ad da annobar Korona ta kulle mutane a gidajensu. A watan Maris na shekarar nan hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sassauta wa likitocin dabbobi ƙa'idar da ta ce sai sun ga dabba ido da ido kafin su rubuta mata waɗansu magunguna. Da annoba ta lafa, sai ta janye sassaucin a watan Fabrairu na 2023, ko da ya ke waɗansu jihohi sun bi hanyarsu: Kalifoniya ta yarda, tun daga farkon 2024, likita ya fara duba dabba ta bidiyo. A Ingila kuwa majalisar likitocin dabbobi ta sake ƙa'idarta cikin 2023. Ta ce ana iya rubuta magani daga nesa, amma wanda ya rubuta dole ya kasance da hanyar da za a duba dabbar da hannu dare ko rana in abin ya ɓaci, kuma ba a rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da an taɓa dabbar ba sai da larura mai ƙarfi. Abin lura a nan shi ne, waɗannan ƙasashe ne masu asibitin dabbobi kusan a ko wane gari, da waya mai kyau, da wutar lantarki da ba ta ɗaukewa. Su ɗin ma ba su yarda waya ta maye gurbin hannu ba.

Dalili kuwa a fili ya ke. Jini cikin kashi alama ce kawai, kuma cututtuka da yawa ne ke kawo ta, daga wadda ba ta kai a tashi tsaye ba har wadda ke kashewa cikin kwana biyu. Hoto ba ya rarrabe su duka.

Babbar su ita ce wadda likitoci ke kira fabo. An fara ganinta a duniya cikin 1978, kafin shekara biyu ta game ƙasashe, tana nan kuwa a ƙasar nan. Ta fi kama 'yan kwikwiyo daga mako 6 zuwa wata 6 waɗanda ba a yi wa allurar rigakafi ba. Ƙwayar cutar tana saɓule fatar cikin hanji, tana kuma karya sojojin jini, watau fararen ƙwayoyin da ke tsare jiki. Kwikwiyo sai ya ƙi abinci, ya kwanta, ya shiga amai, sa'an nan zawo ya ɓarke, ruwa-ruwa da jini, da wani irin ɗoyi wanda duk wanda ya taɓa jinsa ba ya mantawa. Abin da ke kashe shi ƙarewar ruwan jiki ne, da ƙwayoyin cutar hanji da ke samun ƙofa su shiga jini. In an bar shi ba magani, mafi yawa mutuwa su ke yi, sau da yawa cikin kwana biyu zuwa uku da fara ciwon. In kuwa an kai shi asibiti da wuri an yi masa ƙarin ruwa da allurar tsai da amai da sauransu, wajen tara cikin goma su kan tashi. Tsakanin waɗannan biyu babu abin da ya raba su sai ruwan da a ke sa wa ta jijiya, ruwa kuwa ba ya bin waya.

Ta biyu ita ce tsutsar ciki mai ƙugiya. 'Yar ƙarama ce, ba ta kai tsawon gaɓar yatsa ba, tana maƙalewa jikin hanji tana zuƙar jini, in ta saki wurin ya ci gaba da tsiyaya. Guda 50 su kan iya janye jini cikin ƙaramin cokali a yini ɗaya, ga kwikwiyon da jininsa duka bai cika kofi ba. Ta nonon uwa su ke shiga, shi ya sa a kan ga 'ya'yan karya na mako biyu ko uku sun yi fari fat, cikinsu ya kumbura, suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, mai gida yana cewa baki ne ko iska. Kashinsu baƙi ne kamar kwalta. Wannan baƙin ma jini ne, wanda ya zuba tun daga can sama, tumbi ko farkon hanji, ya narke kafin ya fito. Mutane da yawa jan jini ke firgita su, baƙi kuwa su ce wani abu ya ci, alhali sau da yawa baƙin ya fi hatsari. Wannan tsutsa kuma ba ta tsaya kan kare kaɗai ba. 'Ya'yanta suna ƙyanƙyashewa cikin ƙasa mai laima, su shiga fatar yaron da ke wasa ba takalmi, su bar masa jan layi mai ƙaiƙayi yana tafiya a tafin ƙafa.

Ta uku ta fi shafar manoma da 'yan kasuwar hatsi. Bayan kaka, in an cika rumbu da sito, a kan zuba maganin ɓera. Akwai irinsa wanda aikinsa hana jini daskarewa ne. Kare ya ci abincin da a ka gauraya da shi, yau lafiya, gobe lafiya, sai bayan kwana uku zuwa biyar jini ya fara fita ta kashi, ko ta hanci, ko ta dasashi, ko ya taru a ƙirji ba a gani, kare yana ta haki. A lokacin mai gida ya riga ya manta ya zuba wani abu. Wannan yana da makari, bitamin K1, amma sai an yi makonni ana bayarwa, kuma likita ne ke auna shi. Ba duk maganin ɓera ne irin wannan ba, waɗansu nan take su ke kayarwa, makarinsu kuma daban. Sabo da haka takardar da a ka ƙunso maganin a ciki ba abin yarwa ba ce.

Sauran suna da yawa: tsinin ƙashin kaza da ya karce hanji, mushe ko ruɓaɓɓen abinci da kare ya kwaso a juji, ciwon da kaska ke sa wa wanda ke rage jini, hanji ya naɗe ko ya shige cikin juna, ƙari a cikin tsohon kare. Akwai ma wani zawon jini da ke faɗa wa babban kare mai ƙoshin lafiya farat ɗaya, kashin ya fito kamar jini tsantsa, shi ma ƙarin ruwa ke ceto.

To, me likitan waya zai iya yi a cikin wannan duka? Zai iya abu mai yawa, in shi likitan kirki ne, mai karen kuma ya faɗi gaskiya. A ce manomi ne a ƙauyen da ke nesa da gari, tafiyar awa biyu a kan babur, ga dare ya yi. Ya buga waya ya ce, "Likita, ranka ya daɗe, karena ke kashi da jini." Likitan da ya san aikinsa ba zai fara da sunan magani ba, tambaya zai jera. Wata nawa ne karen, ko shekara nawa? An taɓa yi masa rigakafi? Yana ci, yana sha? Yana amai? Sau nawa ya yi kashin, ja ne ko baƙi, ɗigo ne a bisa kashi mai tauri ko kuwa ruwa ne? An zuba maganin ɓera cikin makon nan? An ba shi wani magani? Akwai wani kare a unguwa da ya yi irin wannan? Sa'an nan ya ce, "Malam, haska fitila, ɗaga masa leɓe in ga dasashinsa." Dasashi mai lafiya ja-ja ne mai damshi, in an danna shi da yatsa ya yi fari, launinsa na komowa kafin a ƙirga biyu. In ya yi fari kamar takarda, jini ya tafi. In ya bushe yana kama yatsa, ruwa ya tafi. Karen da dasashinsa baƙi ne tun asali, sai a duba cikin fatar idonsa ta ƙasa. A kuma kama fatar wuyansa a ɗaga a saki: in ta koma nan da nan, da sauran ruwa a jiki, in ta tsaya a tsaye kamar laima, an makara ko an kusa. Amma fa karen da halinsa ya sake, yana dalalar da yawu, yana kai cizo ga abin da bai saba ba, kada kowa ya kai hannu bakinsa, gama haukan kare ya fi zawon jini muni nesa ba kusa ba, kuma mutum ya ke kashewa.

Daga waɗannan amsoshi likita zai yanke ɗaya cikin biyu. Babban kare ne mai rigakafi, yana cin abincinsa, yana kaɗa wutsiya, ba amai, ɗan zaren jan jini ne kawai sau ɗaya? Wannan ana iya ba shi ruwa mai tsabta da abinci marar mai, kamar dafaffiyar shinkafa da ɗan tsokar kaza ba ƙashi, a sa masa ido kwana ɗaya, in bai daina ba a kai shi. Nan waya ta yi aikinta, ta hutar da talaka kuɗin mota da asarar yinin aiki a gona. Amma in kwikwiyo ne, ko akwai amai, ko kashin baƙi ne, ko jinin da yawa, ko dasashi ya yi fari, ko kare ya kasa tashi, ko an san an zuba maganin ɓera, to, amsa ɗaya ce: a ɗauko shi yanzu. Nan ma waya ta yi aikinta, gama ta tashi mutumin da da zai ce bari gari ya waye, ko bari ran kasuwa. Ta kuma ba likita damar shirya ruwa da allura kafin a iso, da ganin hoton takardar maganin ɓera ya san wane iri ne.

Akwai wani ɗan abin dariya da ba na dariya ba. Masu rubuta saƙo a waya ba su cika sa ƙugiyar baƙaƙe ba, sai kalmar ƙashi da kalmar kashi su zama ɗaya. Mutum ya rubuta wa likita karensa ya ci kashi, likita bai san ko na kaza a ke nufi ba ko na bayan gida. Magana da baki ta fi rubutu a nan, bidiyo kuma ya fi su duka.

Inda ɓarna ta ke shi ne bayan an kashe waya. Mutum ya ji an ambaci sunan wata cuta, sai ya zarce kemis ya sayo abin da ya saba sha in cikinsa ya ɓaci. Magungunan ciwon jiki na mutane, irin su ibuprofen da diclofenac, su da kansu suna huda tumbin kare su sa shi kashin jini, suna kuma lalata masa ƙoda. Watau an zo kashe wuta da kananzir. Kafso mai ja da rawaya da a ke ɗura wa ko wace dabba ba ya taɓa ƙwayar fabo, ba ya kashe tsutsa, ba ya karya maganin ɓera. Abin da ya ke yi shi ne ya kwantar wa mai kare hankali na kwana biyu, kwana biyun nan kuwa su ne duk abin da kwikwiyon ke da shi. Ruwan gishiri da sukari yana da amfani ga karen da ba ya amai, kaɗan kaɗan, amma wanda ke amayar da duk abin da ya shiga bakinsa, ɗura ba ta ƙara masa kome sai wahala, wani lokaci ma ta sarƙe shi.

Sai kuma a tambaya, wane ne ke can ɗaya gefen wayar? Ba duk mai farar riga a hoto ne likita ba. Waɗansu 'yan tallan magani ne, ko wace tambaya amsarta na cikin kwalbar da su ke sayarwa. Waɗansu ma ba mutane ba ne, na'ura ce ke harhaɗa amsa, ba ta kuwa da lasin da za a karɓe in ta yi kuskure. Waɗansu likitoci ne na gaskiya amma suna wata ƙasa, ba su san irin maganin ɓeran da a ke sayarwa a kasuwar ƙauye ba, za su kuma ce a garzaya asibitin gaggawa na dare wanda babu shi a duk lardin. A Nijeriya akwai Majalisar Likitocin Dabbobi mai riƙe da rajistar waɗanda a ka yarda su yi aikin. Ba rashin kunya ba ne mutum ya tambayi sunan likita da inda asibitinsa ya ke kafin ya tura kuɗi. Wanda ya rubuta allura da ƙwaya daga ganin hoto ɗaya, bai tambayi shekarun kare ko nauyinsa ba, a yi hankali da shi. Likitan da ya fi dacewa a buga wa shi ne wanda gobe za a iya kai masa karen.

Wani zai ce, duk wannan maganar masu hali ce. Manomin da bai iya kai ɗansa asibiti ba sai ya sayar da tiya biyar ta gero, shi za a ce ya kwantar da kare a gado ana ƙara masa ruwa? Wannan magana tana da nauyi, ba kuwa za a ture ta ba. Amma ba dole ne sai an kwantar ba. A jami'ar jihar Kwalarado ta Amurka an gwada wannan da 'yan kwikwiyo 40 masu fabo, aka buga sakamakon cikin 2017. Duka an fara farfaɗo da su da ruwa ta jijiya. Rabi aka ci gaba da yi musu cikakken magani irin na kwanciya asibiti, 18 cikin 20 suka rayu. Rabi kuwa aka bi da su ta hanya mai sauƙin kuɗi, irin wadda za a iya yi ba kwanciya, ruwa ta ƙarƙashin fata da allurai kaɗan, 16 cikin 20 suka rayu. Ratar ba ta da yawa. Ashe ko mai ƙaramin ƙarfi yana da hanya, muddin ya kai karen an fara taɓa shi da hannu. Bayan wannan ne waya ke da babban amfani na biyu, likita yana bin sawu safe da yamma, yana tambaya ko amai ya tsaya, ko ya fara lasar abinci, ko a komo da shi.

Aikin likitan dabbobi ba baƙo ba ne a Arewa. Tun 1924 a ke yinsa a Vom kusa da Jos, jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta buɗe sashen koyar da shi cikin 1964. Bushiya da ta share garkunan shanu a zamanin kakanni, har aka sanar da ƙarewarta a duniya cikin 2011, malaman dabbobi ne suka bi ta ruga ruga da allura a hannu. Waɗannan ma'aikata suna nan a ofisoshin jihohi da na ƙananan hukumomi. Abin da ya kamata shi ne ko wane ofishi ya kasance da lambar waya guda wadda a ke ɗauka, a rubuta ta a ƙofar dagaci da bakin kasuwar dabbobi, a ba sarkin baka da arɗo. In manomi ya san wanda zai kira a garinsu, ba zai tura kuɗinsa ga wanda bai san ko mutum ne ba. Ran da kuma a ka fito yi wa karnuka allurar hauka, babu abin da zai hana a zo da ta fabo da maganin tsutsa a sayar a farashi mai sauƙi.

Gama rigakafin ya fi komai araha a cikin wannan lissafi. Ana fara yi wa kwikwiyo allurar fabo yana mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan ko wane mako uku ko huɗu har ya kai mako 16. Allura ɗaya ba ta isa ba, nan ne da yawa ke yin kuskure. Maganin tsutsa kuwa tun suna mako biyu a ke fara ba su, tare da uwar, a maimaita bayan mako biyu biyu.

Gidan da fabo ya riga ya shiga, da sauran aiki ko kare ya tashi ko ya mutu. Ƙwayar ba ta kama mutum, amma tana zama cikin ƙasa watanni, har shekara a wuri mai inuwa da laima, tana kuma bin takalmi da tayar babur zuwa gidan maƙwabci. Sabulu ba ya kashe ta. Sai a kwashe kashin a binne da zurfi, a ƙone tsumman da ya kwanta a kai, a wanke kwano da daɓe da ruwan bilic, irin su Hypo ko Jik, awo ɗaya cikin awo 30 na ruwa, a bar shi ya jiƙa minti goma kafin a ɗauraye. Ƙasar tsakar gida ba ta wankuwa haka, sabo da haka kada a kawo sabon kwikwiyo gidan sai wanda ya gama allurarsa duka.